Shekarun da Malesiya ta yi mana araha

Mutanen ƙasarmu ba baƙin hanya ba ne. Tun ƙarni na 19 Jega ta yi suna a matsayin zangon fatake, inda ayarin da ya fito daga Gwanja da goro ke sauke kaya, jakuna su huta, a yi ciniki kafin a nausa Sakkwato ko Kano. Yau ma ta nan hanyoyin Birnin Kabi da Sakkwato da Yawuri suke haɗuwa. Albasar Aliero kuwa ta koya wa 'ya'yan manoma hanyar Legas da Onica da Fatakwal tun ba su san karatun boko ba, masu ɗorin garin kuma sun bazu cikin ƙasashe suna gyaran karaya. A Kashin Zama da Sabiyal da Ɗanwarai, da can wajen Maiyama da Andarai da Mungadi, da wuya ka sami gidan da babu wanda ya taɓa zuwa cin rani. Tsofaffi na ba da labarin waɗanda suka tafi Makka a ƙasa, ta Cadi da Sudan, suna noma a hanya don samun guzuri, wasu su yi shekara bakwai kafin su dawo, wasu ko labarinsu ba a sake ji ba.

Duk waɗannan tafiye-tafiye na talaka ne, kuma an san dabarun yinsu da ɗan abin hannu. Ƙulli-ƙulli da gari da yaji a cikin jaka, tabarma a naɗe, buta a rataye, kwana a zauren mai masauki ko na malamin unguwa. Amma kowacce da dalilinta: ciniki, ko karatu, ko ibada, ko neman na rufin asiri kafin damina. Mutumin da zai kashe kuɗin mota don kawai ya je ya ga wani dutse ko wani tsohon gini, ba a da wani suna mai daɗi da ake kiransa da shi. Yawon banza ake ce wa abin da ya yi.

Abin da ya fara sassauta wannan ra'ayi a wajen wasu daga cikinmu, abin mamaki, ba a gida ya faru ba. A 2006 gwamnatin Adamu Aliero ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kabi a Aliero. Sabuwar jami'a na bukatar malamai masu digiri na biyu da na uku, ga kuma asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta ba shi wannan suna, yana biya wa malaman manyan makarantu kuɗin ƙaro karatu har a ƙasashen waje. Ingila da Amurka sun yi tsada. Malesiya kuwa da Turanci ake karatu a manyan jami'o'inta, kuɗin makaranta da sauƙi, ana kiran salla, ba ka fargabar naman da aka sa maka a kwano. A wajajen 2013 da 2014, lokacin da dala ke kusan naira 160, ringit ɗaya ba ta wuce naira 50 ba. Sai ga samarin da suka tashi suna ban ruwa a fadama sun watsu a Serdang da Skudai da Sintok da Gombak da tsibirin Penang, tare da 'yan'uwansu na Sakkwato da Kano da Zariya da Bauci. Ni ma guguwar ta kwashe ni zuwa Serdang.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Kuala Lumpur. Sai ka bi mota zuwa Abuja ko Kano, ka sauka Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha, ka sake wani jirgin. Rabin nauyin akwatin kowa kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da aka naɗe cikin leda bakwai don kada warinta ya tona asiri. Ba wanda ya bar gida da niyyar kallo. Takarda muka je nema.

Kallon ya shigo ne ta ƙofar kaɗaici da araha. Asabar ta yi, malamin da ke duba aikinka ya riƙe babinka mako uku bai dawo da shi ba, iyali na can nesa, ɗaki ya yi maka zafi. Sai wani ya ce a shiga jirgin ƙasa a je kogon Batu. Kuɗin jirgin bai kai na kwanon shinkafa ba, shiga kogon kuma kyauta. Kana fita tasha za ka yi arba da wani gunki mai ruwan zinare, tsayinsa ya haura mita 42, a bayansa matakala 272 sun miƙe zuwa bakin kogon, birai na zaune a gefe suna jiran wanda ya yi sakaci da ledarsa. A gindin matakalar nan na ga malamai huɗu, kowa da hularsa, sun tsaya ana muhawara ko ya halatta Musulmi ya hau, tunda wurin bautar mabiya addinin Hindu ne. Ɗaya ya kawo ayoyin da ke umurni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, wani ya ce ai ba wannan ake nufi ba. Aka rabu biyu. Waɗanda suka hau suka dawo suna haki suna ba da labarin rufin kogon da hasken da ke zubowa ta wata kafa a sama, wanda ya tsaya ƙasa kuma biri ya fizge masa ledar ayaba, muka yi ta yi masa dariya har Serdang.

Daga nan abin ya zama jiki. Muka gano cewa dabarun kakanninmu suna aiki a can, har sun fi aiki. Babbar tashar motocin kudu ta Kuala Lumpur da aka buɗe a 2011 tana da motoci masu sanyi da ke tashi a kan lokaci, ka je Malaka cikin awa biyu da kuɗin da bai wuce ringit 15 ba. In tafiyar mai nisa ce, kamar Penang ko Kedah, sai a bi motar dare, an huta da biyan kuɗin ɗaki ke nan. Kowane gidan mai da kowane zango a babbar hanya yana da ɗan masallaci mai ruwa da bayi mai tsabta, ka yi alwala, ka yi salla, ka ɗan miƙe. Masauki kuwa, wace jami'a ce babu Bahaushe? Waya ɗaya za ka yi, a ce akwai wani ɗan Yabo ko ɗan Zuru a can, ya tarbe ka a tasha, ya shimfiɗa maka katifa a ƙasa, ya tuƙa tuwo da garin shinkafa. In shi ma ya zo birni, ɗakinka nasa ne. Da safe a shagon Indiyawan Musulmi, waina mai laushi da suke kira roti canai da kofin shayi mai kumfa ba su kai ringit uku ba. Da azumi masallatai ke ciyar da kowa, a Kampung Baru a raba kunun shinkafa mai nama kyauta, da salla kuma manya su buɗe gidajensu kowa ya shiga ya ci, har firaminista.

Tagwayen benayen Petronas, masu hawa 88 da tsayin mita 452, waɗanda suka riƙe kambin tsayi a duniya daga 1998 zuwa 2004, yawancinmu daga ƙasa muka kalle su. Waɗanda suka riga mu zuwa sun ce a da tikitin hawa gadar da ta haɗa su kyauta ne ga wanda ya yi sammako, mu mun tarar an sa kuɗi. Ba mu damu ba. Lambun da ke gindinsu ba a biya, rawar ruwa da fitilu da dare ba a biya, hoton da za a tura gida ma daga ƙasa ya fi kyau. Putrajaya kuma tana maƙwabtaka da mu, sai mu je sallar Juma'a a masallacin nan mai launin hoda da ke bakin tafki, mu dawo da ƙafa rabi da mota rabi.

Malaka ce ta fi tsaya mini a rai. A ƙarni na 15 sarautar Musulunci ce mai ƙarfi, duk jirgin ruwan da zai ratsa tsakanin Indiya da Sin sai ya tsaya ya biya. Turawan Fotugal suka ci ta a 1511, na Holan suka karɓe a 1641, Ingilishi suka gaje ta a 1824. Kafin nan an buɗe Penang a 1786 da Singafo a 1819, bakin ruwan Malaka ya cike da laka, ciniki ya koma wani wuri. Ina tsaye gaban ragowar ƙofar ganuwar Fotugal sai Jega ta faɗo mini. Ita ma hanya ce ta yi ta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya riƙa biyowa ta teku da dogo, ayarin Gwanja ya mutu, girman Jega ya ragu zuwa na babbar kasuwar yanki. Bambancin shi ne mutanen Malaka sun tattara abin da tarihi ya bar musu, jan ginin Holan, tsofaffin masallatai, unguwar Sinawa, har da kwaikwayon fadar sarkinsu da suka gina da katako, suka mai da su abin neman abinci. A 2008 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya tare da George Town ta Penang. Mu kuwa, ka tambayi saurayi a tashar Jega inda fatake ke sauka a da, sai ya dube ka kamar ka zauce.

Ɗan manomi ko ina ya je da idon gona yake kallo. A kasuwar Chow Kit wani abokina ɗan Aliero ya tsaya gaban mai albasa, ya ɗauki ɗaya ya murza ɓawonta, ya latsa wuyanta, ya shinshina. Ƙanana ne, ba su kai rabin tamu ba, kuma a kan sikeli ake sayarwa. Ya tambayi daga ina, aka ce Indiya. Nan take ya fito da waya ya shiga lissafin nawa buhu zai kama da wannan farashi, ya yi shiru, ya sake lissafawa. Malesiya kusan duk albasar da take ci daga waje take sayowa, shi ya sa da Indiya ta hana fitar da ita a Disamban 2023 suka ji a jikinsu. A gida kuwa ya san yadda ake zuba albasa a rudu bayan girbi, zafi da ruɓa su ci kaso mai yawa kafin farashi ya tashi, ban da ɓarnar cutar ɗanzazzalau tun tana gona. Da muka hau tsaunukan Cameron, wasu na ɗaukar hoto cikin gonakin shayin da aka fara tun 1929, shi yana can bayan wata rumfa yana leƙen yadda ake jera kabeji da tumatir cikin kwali ana loda su a mota mai sanyi.

Akwai kuma zancen da kowane ɗan Najeriya ke yi in ya ga gonakin kwakwar manja sun miƙe iya ganinsa a gefen babbar hanya, wai daga wajenmu suka karɓi iri. Zancen na da ƙamshin gaskiya amma an ƙara masa gishiri. Itacen na Afirka ta Yamma ne, sai dai tun 1848 ya isa lambun Bogor a Indunusiya, kuma a 1917 aka kafa gonar kasuwanci ta farko a Selangor. Abin da ya faru shi ne a 1973 masanansu da namu sun yi aikin tattara iri a Najeriya don inganta nasu. Ba sata aka yi mana ba, aiki aka fi mu. Haka asusun adashin alhazai na Tabung Haji da suka kafa tun 1963, wanda hukumar alhazanmu ba ta ƙaddamar da irinsa ba sai a 2020.

Kada a ɗauka duk zuma ce. Arahar tana da iyaka, kuma launin fasfo ne ke shata ta. Kamfanin AirAsia, wanda Tony Fernandes ya saya a 2001 a kan ringit ɗaya tare da tulin bashinsa, yakan yi gwanjon tikiti har kuɗin jirgi ya yi ƙasa da na mota. Abokan karatunmu 'yan ƙasar da na maƙwabta sai su tsallaka Bankok ko Bali a ƙarshen mako. Mai koren fasfo kuwa sai ya nemi biza ta Tailan, ta Singafo, ta Indunusiya, kowacce da tarin takardu da jira. Saboda haka namu gwanjon bai wuce na cikin Malesiya ba, Langkawi da Kuching da Kota Kinabalu. Sannan ga wani abu da ya fi wannan ciwo. Bature zai zo da gajeren wando da ƙatuwar jaka a baya, ya kwana a gadon haya na ringit 20, ya ci abincin gefen titi, a ce matafiyi ne mai son sanin duniya. Baƙar fata da aljihu iri ɗaya, a unguwa ɗaya, shi ake tsayarwa a tambayi takardunsa. Akwai gidajen haya da ke faɗa maka ƙiri-ƙiri ba sa ba 'yan Afirka. Mun koyi yawo da katin makaranta da kwafin fasfo ko da shago za mu. A Yulin 2019 wani ɗan Najeriya mai karatun digiri na uku ya rasu a tsare a hannun hukumar shige da fice, alhali takardunsa na karatu ba su ƙare ba. Gaskiya kuma ita ce wasu 'yan ƙasarmu da suka shiga da sunan karatu suka ɓuge da damfara da safarar ƙwaya su suka shafa wa kowa kashin kaji. Doguwar riga da hula sukan taimaka, don da an gan ka sai a yi maka sallama a ɗauke ka ustazu, amma bai kamata mutunci ya dogara da hula ba.

Da na zo hutu na nuna wa wani kawuna hotuna a waya. Ya daɗe yana kallon benayen, ya sa yatsa ya matsar, ya ga kogon, ya ga teku. Sai ya ce, «To, ɗana, mi kas sayo can?» Na ce ban sayo komai ba, Kawu, kallo na je yi. Ya ce, «Kallo? Da kuɗinka?» Ya miƙo mini wayar yana girgiza kai. Amma da na ba shi labarin albasar Indiya da farashinta, sai ya gyara zama, ya kira maƙwabcinsa, aka sa ni na maimaita daga farko.

Wannan zamani bai yi tsawon rai ba. A 2016 naira ta faɗi, kuɗin da aka ware wa ɗalibi a lissafin tsohon farashi ya daina kai shi ƙarshen shekara, aka fara mai da iyali gida. A ranar 18 ga Maris 2020 Malesiya ta rufe saboda korona, ba ta buɗe iyakokinta sosai ba sai 1 ga Afrilu 2022. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin shekara ta zagayo dala ta haura naira 1,500, ringit ɗin da muka sani a naira 50 ta wuce 300. Malaman da abin ya rutsa da su a can suka yi ta rubuta koke. A ƙarshen 2024 TETFund ta sanar da dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, tana kafa hujja da tsada da kuma waɗanda ke ƙin dawowa. Motar Malaka na nan tana tashi a kan lokaci. Mu ne aljihunmu ya huje. Ƙaramin malami a Aliero yau, albashinsa na wata da yawa ba zai saya masa tikitin zuwa da dawowa ba.

Ƙannenmu sun fi mu ganin Kuala Lumpur, amma a TikTok da YouTube. Yaro na zaune a Maiyama zai gaya maka launin da aka yi wa matakalar Batu a 2018, abin da ni ban gani da idona ba. Sai dai waya ba ta nuna maka yadda ake loda kabeji, ba ta kuma sa ka kwana a ɗakin ɗan Zuru.

Abin da ya fi damuna shi ne ko a gida tafiyar talaka ta yi wuya. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai 1,000 cikin shekara ɗaya da rabi. Motar dare da muke bi a can don tsimi, a nan ba mai hankalin da zai shige ta a hanyoyi da yawa. Tun da aka kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, shugaban makarantar da zai cika mota da yara ya ce za a je kallon tarihi sai ya yi tunani sau biyu. A can na fahimci cewa tsimin matafiyi kaɗai ba ya sa tafiya ta yi araha. Sai da hanya mai kyau, da motar da ke tashi a kan lokaci, da bayin da za ka shiga ba ka toshe hanci ba, da kwanciyar hankalin da zai bar ka ka yi barci a kujera. Waɗannan kuwa hukuma ce ke samar da su, kuma a nan ne aka bar mu a baya, ba a tsayin bene ba.

Duk da haka akwai abin da ke kusa, wanda ba ya bukatar biza ko kwanan hanya. Gidan tarihin Kanta na nan a Argungu, a tsohuwar fadar da aka gina a 1831, da makamai da gangunan sarakunan Kabi. Bikin kamun kifin garin, da aka fara a 1934, UNESCO ta amince da shi tun 2016. Kufan Surame na nan da ragowar ganuwarsa. Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, tafiyar da za ka yi bayan karin kumallo ka dawo kafin la'asar, kuma sunansa ne jami'ar Aliero ke ɗauke da shi yanzu. Ɗalibai na zuwa daga Legas da Binuwai da Neja su yi shekara huɗu ko biyar a nan, su tafi ba wanda ya kai su ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare.

Ku da muka hau matakalar Batu tare, yawancinku yanzu shugabannin sassa ne, wasunku farfesoshi. Motar jami'a na ajiye ranar Asabar. A haɗa kuɗin mai, a dafa shinkafa a zuba a kula, a kwashi ɗalibai a kai su Gwandu da Argungu kafin zangon karatun nan ya ƙare.